Ba Kowane Kare Mai Jan Ƙafa Ne Mahaukaci Ba

Daga dausayin Haɗeja-Nguru zuwa gaɓar kogin Komadugu Yobe a Gashuwa, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin garke da dare, shi ke bin mafarauci daji idan rani ya kama. Saboda haka ranar da lafiyayyen kare ya zabura a guje, ya yi ƙara guda, ya zube yana jan ƙafafun baya, mai shi kan shiga tsaka mai wuya: ya yi jinyarsa, ko ya sa a kashe shi don tsoron hauka?

Sau da dama matsalar tana ƙashin baya ne. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin akwai faifan guringuntsi, mai tauri daga waje, mai taushi daga ciki, wanda ke rage girgiza. Idan bangon faifan ya tsage, abin da ke ciki sai ya feso cikin kwararon da laka ke bi, saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafafu ya katse.

A shekarar 1952 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, Hans-Jörgen Hansen, ya kasa cutar gida biyu: wadda faifan ke fashewa farat ɗaya, musamman a karnuka masu gajerun ƙafafu irin Dachshund, da wadda yake kumburowa sannu a hankali a manyan karnuka da suka fara tsufa. Daga baya likitoci sun gano wani nau'i da ya fi dacewa da rayuwar karen daji. Faifan lafiyarsa ƙalau, amma gudu ko tsalle mai ƙarfi ya sa ɗan abin da ke cikinsa ya harbi laka, ya ƙuje ta ba tare da ya danne ta ba. Galibi gefe ɗaya ya fi shanyewa, kuma bayan sa'o'i 24 na farko ciwon ba ya ƙara tsananta.

Illar tana hawa mataki-mataki: ciwon baya, tangaɗi, kasa tsayuwa, kasa sarrafa fitsari, sannan rasa jin zafi a yatsu. Matakin ƙarshe shi ne ma'aunin likita. Karen da ke waiwayowa ko kuka idan likita ya matse masa yatsa yana da kyakkyawan fatan sake tafiya. Wanda bai ji komai ba, lamarinsa ya yi nisa.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna laka, na'urar MRI ce ke tantancewa. Asibitocin koyarwa na dabbobi kuwa, na Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tafiyar sa'o'i ce daga Nguru. Abin da ya rage a hannun mai kare shi ne ya killace shi a ƙaramin wuri mako 4 zuwa 6, a kan shimfiɗa busasshiya, ya kai shi ga likitan dabbobi mafi kusa. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen, guba ne ga kare.

Sai dai tsoron jama'a yana da tushe. Haukan kare ma kan zo da shanyewar ƙafafu, amma shi kullum gaba yake yi, tare da dalalar yawu, sauyin hali da kasa haɗiya, har ya kashe dabbar cikin kwanaki. Duk wanda irin wannan kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru.

Abin da ke rage wannan ruɗani shi ne allurar rigakafin hauka da takardar shaidarta. Ga ma'aikacin da ke Abuja alhali garkensa na arewacin Yobe, kuɗin allurar nan kaɗan ne idan aka gwada shi da ran makiyayin da zai sunkuya ya ɗauki karen.