Abin Da Ke Sa Jiniyar Mota Kuka Bayan An Sa Sabon Rediyo

Duk wanda ya kwana a Bukan Sidi, nan bakin hanyar Jos a Lafiya, ya san wannan abu. Dare ya raba, unguwa ta yi tsit, sai jiniyar wata mota ta ɓarke da kuka. Mai gida ya fito da tocila, ba ɓarawo ba dalilinsa. In ka bincika, sau da yawa za ka tarar cikin makon nan aka sa wa motar sabon rediyo. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da yawancin mutane kan yi shi ne su sa a yanke wayar jiniyar su huta. Wannan kuskure ne babba, gama ya zama kamar mutum ya kori mai gadinsa don ya yi tari da dare. Abin da ya kamata shi ne a bi sawun hannun da ya taɓa motar daga baya.

Da farko mu san wayoyin. Batirin mota ƙarfinsa bolt 12 ne, in ya cika sarai ya kan nuna 12.6. Galibin rediyon da a ke saye a kasuwa suna da manyan wayoyi uku. Rawaya tana ɗauke da wuta dare da rana, don rediyo ya riƙa tuna tashoshinsa. Ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Baƙa kuwa ita a ke ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, ta nan wuta ke komawa batir.

To, laifi na fari daga nan ya ke tasowa. Idan mai gyara ya haɗe ja da rawaya wuri guda, rediyo ba ya barci ko an zare makulli. Sai ya kwana yana tsotsar batir. Batir na raunana, jiniya ta rikice ta kama kuka, da safe kuma mota ta ƙi tashi. Gwajinsa ba wuya: zare makulli, ka danna rediyo. In ya kama, alhali kuwa ba irin wanda aka yi shi haka ba ne, ka ga ɓarawonka.

Na biyu, wata jiniya aikinta ta lura da ƙarfin wuta. Da ya ɗan faɗi, sai ta zaci an buɗe ƙofa fitilar ciki ta kama. In an jona rediyo a kan wayarta ko fiyus ɗinta, kowane motsi nasa ya isa ya tashe ta. Maganinsa a raba su, kowa da hanyarsa.

Na uku, baƙar waya. Wani lokaci rediyo da jiniya a kan kusa ɗaya a ke ɗaure su. In ba a matse ta ba, ko akwai tsatsa ko fenti a ƙarƙashi, wuta ta riƙa yankewa ke nan. A kankare wurin, a ɗaure tamau.

Na huɗu, ƙofa. Wanda ya sa lasifika a ƙofa tilas ya ɓalle murfinta. Wajen mayarwa ya kan matse wayar da ke gaya wa jiniya an buɗe ƙofa. Duba fitilar ciki: in tana ƙyaftawa ƙofofi na rufe, laifin yana nan.

In duk waɗannan ba su nuna kome ba, sai a ɗauko mita. A kashe mota, a rufe ƙofofi, a jira kamar rabin sa'a, sa'an nan a auna wutar da ke fita daga batir. Mota mai lafiya ba ta cika wuce miliamfiya 50 ba. In ta zarce haka ƙwarai, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sa lissafin ya sauka.

Motocin zamani kuwa, har da 'yan Kwatano da yawa, sassansu suna magana da juna ta wata hanya da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986. A irinsu kada a yanka waya ko ɗaya, sai a nemi soket ɗin da aka yi wa motar musamman.

Saura gargaɗi. Kafin ka taɓa waya, cire kan batir mai alamar ragi tukuna. Kada ka tsokani soket mai launin rawaya kusa da sitiyari, na balan-balan ɗin tsaro ne, yana iya fashe maka a fuska. Kada kuma ka cusa guntun waya a gurbin fiyus, gama ta haka mota ke kama wuta.

Malami ma yana da riba a nan. Batir, da fiyus, da maɓalli, da hanyar komawar wuta, su ne dai darasin lantarki da mu ke zana wa yara a allo. Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.