Izinin Haya a Abuja: Wa Ke da Ikon Kama Mota?

Harkar ciniki a unguwar Kado ta Abuja a kan ƙafar mota take tafiya. Kifin da ake sayarwa a kasuwar kifi ta Kado daga nesa ake kawo shi, masu saye kuma daga Gwarimpa da Jabi da Life Camp suke zuwa, da yawansu a tasi ko Keke NAPEP. Sai dai mai abin hawan da ke jigilarsu, ko da takardunsa sun cika, ba shi da tabbacin cewa izinin da ya biya wa kuɗi bana zai yi masa rana baɗi.

A watan Oktoba na 2006, ministan Babban Birnin Tarayya na lokacin, Malam Nasiru el-Rufa'i, ya hana acaɓa a tsakiyar birni. A 2013 aka hana ƙananan motocin bas shiga cikin gari, a Nuwamban 2019 kuma aka kori Keke NAPEP daga manyan tituna. Kowane karo, umarni guda daga ofis ya karya darajar jarin mutane masu yawa.

Tushen rikicin shi ne hannu ya yi yawa a akushi. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da tashoshin mota, dokar soja mai lamba 21 ta 1998 kuma ta ba su harajin tasha, tare da haramta tare hanya don karɓar haraji. Kado tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar birni, wato AMAC, amma rajista da duba lafiyar mota suna hannun hukumar da aka fi sani da VIO, wadda ke ƙarƙashin minista. Ga shi Abuja ba ta da majalisar dokoki tata. Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka.

Wannan giɓi ne wani lauya, Abubakar Marshal, ya kai gaban shari'a bayan an kama motarsa. Ran 2 ga Oktoba, 2024, Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukuncin cewa babu dokar da ta ba jami'an VIO ikon tsayar da mota, ko ƙwace ta, ko cin tarar direba, domin cin tara aikin kotu ne. Hukumar ta ɗaukaka ƙara, amma a watan Disamba na 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin.

Ya kamata masu zuba jari su karanta shi da idon basira. Bai soke lasisi ba, bai kuma mayar da acaɓa cikin gari ba. Abin da ya taɓa shi ne hanyar tilasta sharuɗɗan, wanda kuma a nan ne asarar mai haya take. Yawanci mai kuɗi ne ke sayen keke ya ba direba ya riƙa kawo balas kullum. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, ribar ta ƙara sirancewa, ta yadda kwana uku a hannun hukuma kan iya cinye abin da aka samu a mako. Saboda haka kafin a miƙa makulli, gara a rubuta a yarjejeniya wace hukuma ce ta ba da izinin, wace hanya aka yarda keken ya bi, da kuma wanda zai ɗauki balas na ranakun da aka tsare shi.