Lokacin da Teku Ya Rufe Ƙasar Sakkwato

Wanda ya san zafin Sakkwato da ƙurarta zai yi wuya ya yarda cewa ruwan gishiri ya taɓa shafe wannan ƙasa. Amma shaidar tana nan kwance a duwatsun Goronyo da Wurno da Dange, hawa bisa hawa.

Ƙa'idar masana ilimin duwatsu ba ta da sarƙaƙiya: muddin ba a birkice ƙasa ba, shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta, kuma kowace tana nuna irin wurin da ta taru. A Taloka yashi ne da laka irin na bakin gaɓa. A kansu aka sami baƙar lakar Dukamaje, wadda ta kwanta a gindin teku wajen shekara miliyan 70 da suka wuce. Daga nan yashin Wurno ya hau, alamar ruwa ya ja baya. Sai tekun ya sake dawowa, ya bar lakar Dange da farar ƙasar Kalambaina, cike da ƙwanson halittun ruwa. Duwatsun Gwandu da suka rufe saman duka, a tudu suka taru, bayan tekun ya tafi ke nan.

Lakar Dukamaje ce ta fi ba ni mamaki. A cikinta masana daga Italiya suka tono ƙoƙon kan wata ƙatuwar dabbar teku, dangin damo, mai dogon baki da haƙoran kama kifi. A 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus, don a yankin Goronyo aka same ta. Ana tsintar haƙoran kifayen teku a waɗannan duwatsu, haka ma a yankin Tawa ta Nijar, domin tekun reshe ne da ya ratso Sahara daga arewa, tun babu iyaka babu ɗan Adam.

Abin da ke damuna shi ne, ɗalibin ƙasar waje ya san sunan Goronyo ta dalilin wannan dabba, yaron Goronyo kuwa bai taɓa jin labarinta ba. Farar ƙasar Kalambaina siminti ake yi da ita, kuma hakan alheri ne. Sai dai duk shimfiɗar da aka niƙa ta tafi har abada. Ya kamata hukumomin jihar su keɓe wasu wuraren a kare su, su kuma malamai su riƙa kai ɗalibai can su gani da idonsu.