Me ya sa gyaran hasumiyoyin cocin Kolon ba ya ƙarewa?

Idan ka duba hotunan babban cocin birnin Kolon a Jamus, da wuya ka ga wanda babu matakalar magina a rataye a wani sashe nasa. An aza harsashin ginin a 1248, ba a kammala ba sai 1880, kuma hasumiyoyinsa biyu sun kai mita 157. Amma har yau masu sassaƙa dutse suna nan suna aiki kullum.

To, me ke cin dutse? Ruwa ne kan gaba. Yana shiga ƙananan ƙofofin dutsen, lokacin sanyi ya daskare, ya kumbura, ya tsaga shi. Adon furanni da ganyaye da aka sassaƙa a can sama su suka fi shan wahala, don sirara ne kuma ruwa da iska na dukansu ta ko'ina.

Sai hayaƙin kwal. Babbar tashar jirgin ƙasa tana daf da cocin, kuma a da jirage da masana'antu sun yi shekara da shekaru suna fesa iskar salfa. Idan ta haɗu da danshi a kan dutse mai sinadarin farar ƙasa, sai ta mayar da fuskarsa jibsam. Wannan ne ke yin baƙin ɓawo, daga baya ya ɓamɓaro tare da adon.

Abin da ya fi ba ni mamaki, shi kansa gyaran yana iya zama cuta. Magina na da sun ɗaure duwatsu da ƙarfe. Da ya yi tsatsa sai ya kumbura ya fasa dutsen daga ciki. Siminti kuwa ya fi dutsen tauri, yana kulle danshi a ciki. Ka taɓa ganin katangar laka da aka shafe da siminti ta ruɓe ta ƙarƙashi? Kusan haka ne. Shi ya sa masu gyara suka fi son kwaɓin farar ƙasa, wanda ke barin danshi ya fita, kuma shi ke fara lalacewa kafin dutsen. Haka ake so, don sake kwaɓi ba wuya.

Idan dutse ya lalace ƙwarai, sai a sauko da shi, a auna, a sassaƙa irinsa da hannu, a ɗaure sabon da ƙarfen da ba ya tsatsa.