Jan Wuta Daga Gida Zuwa Mota ko Kwantena: A Yi Shi Yadda Ba Za a Yi Kuka Ba

A shirinmu na makon jiya wani Alhaji ɗan kasuwa ya bugo waya da tambaya. Yana da tsohuwar mota da ya mayar da ita shago, a ciki yake kwana ranar jajiberin kasuwa. Maigidan da yake sauka a ƙofarsa ya yarje masa ya ja wuta don fanka da firiza, amma in ya taɓa ƙofar motar da safe sai ya ji tana ɗan tsikararsa. Ya ce ko wannan abin damuwa ne? Amsar da muka ba shi ita ce: Alhaji, a zare wayar nan yau, kafin a ƙare shirin. Ga bayanin dalla-dalla ga waɗanda ba su ji ba.

Wannan lamari ya shafi duk mai ɗakin ƙarfe. A Turai da Amurka akwai motoci masu ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, waɗanda mutane ke yawon hutu da su, in sun dawo su jona su da wutar gida. Da yake abin ya daɗe a wurinsu, sun kafa masa ƙa'idoji. Mu ba hutu ya kai mu ba, neman abinci ne, amma kwantenar mai cajin waya da motar mai ƙanƙara da rumfar kwano ta mai nono duk haɗari ɗaya suke fuskanta: jikinsu ƙarfe ne, kuma wutar da ke cikinsu aro ce daga wani gida.

Me ya sa ƙofa ke tsikara?

In robar waya ta kwaye a wani wuri, ko ruwa ya shiga cikin firiza, wuta na zuba a jikin motar. Mota kuwa a kan taya take, taya roba ce, wutar ba ta da hanyar sauka ƙasa. Sai ta tsaya tana jira. Duk wanda ya zo ƙafa ba takalmi ya kama ƙofa, shi ne ya zama mata hanya. Da rani, ƙasa a bushe, tsikara kawai za ka ji. Da damina ko da asuba bayan alwala, ƙafa a jiƙe, wannan tsikarar ce ke tsayar da zuciya.

Maganin abu biyu ne. Na farko wayar ƙasa, wato layi na uku mai launin kore da ruwan ɗorawa. Dole wayar da aka ja ta zama mai layi uku, a ɗaure na ukun da jikin motar, kuma a tabbata soket ɗin gidan shi ma yana da wayar ƙasa ta gaske, wadda ta kai ga sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Gidaje da yawa ramin na nan a jikin soket amma ba komai a bayansa. Na biyu wata ƴar na'ura ce da ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga wani abu ya zurare, sai ta yanke nan take. A Nijar masu gyaran kuran na ce mata diferansiyel. A duba jikinta a ga an rubuta 30mA, don ita ce mai kare ran mutum. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci zuwa lokaci. In an danna wuta ba ta ɗauke ba, ta mutu, a sauya. Fis da bireka na yau da kullum waya suke karewa daga ƙonewa, mutum na iya mutuwa ba su motsa ba.

Soket ɗin nan da na can

Mu da ke tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, mun san wannan ciwon kai. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230 a ƙasashen biyu, don haka kayan can na aiki a nan. Bakin ne ya bambanta. A Nijeriya an fi amfani da irin na Ingila, mai ƙafa uku masu faɗi, da fis na amfa 13 a ciki. A Nijar irin na Faransa ya fi yawa, mai ƙafa biyu zagayayyu. Sai ka ga mutum ya tura tsinke a ramin sama ya cusa mai ƙafa biyu da ƙarfi, ko ya yanke kan gaba ɗaya ya soka tsirarar waya. A duka biyun an yar da wayar ƙasa. Ƙananan adafta masu araha su ma yawanci ƙafa biyu kawai suke haɗawa, kuma suna zafi. Abin da ya fi shi ne a sa mai gyara ya ɗora wa wayar kan da ya dace da soket ɗin gidan.

A kula da kayan gwanjo da ke shigowa ta Kwatano. In daga Amurka suka fito, wutar can bolt 120 ce. Ka jona irinsu a tamu ba tare da taransifoma ba, sai hayaƙi. A juya bayan kaya a karanta lambar kafin a biya kuɗi.

Nawa waya za ta ɗauka?

Lissafin ba wuya. Bolt sau amfa shi ne wat. Soket mai amfa 13 yana ɗaukar wat 3000 ko kusa da haka, mai amfa 16 kuma kamar 3500. Ƙwan fitila na zamani wat 10 ne, fanka 50 zuwa 75, firiza 100 zuwa 200, sai dai lokacin tashi tana jan ninkin haka sau da yawa. Masu cin wuta su ne masu zafi: hita ta dafa ruwa tana kai wat 2000, dutsen guga ya haura 1000. In ka haɗa biyun nan ka cika soket, ba a ma zo maganar firiza ba.

Masu motocin hutu a Turai waya mai kaurin 2.5 suke amfani da ita, tsawonta kuma ba ya wuce mita 25. Mu ma wannan ma'auni ya ishe mu. Siririyar waya mai tsawo tana shanye ƙarfin wuta a hanya, ta iso a raunane. Injin firiza ya yi ta gurnani ya kasa tashi har ya ƙone, nono ko kifin da ke ciki ya lalace. Wurin saye a kankare bakin wayar da wuƙa. In jan ya goge fari ya fito, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba za ta ɗauki abin da aka rubuta ba. In wayar a kan gangarta take, a warware ta duka ko da mita biyar ake buƙata, don a naɗe zafi ba ya fita, roba na narkewa.

Ga iyayenmu makiyaya

Saniya ta fi mutum saurin faɗuwa. In waya ta fashe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wutar na bazuwa, ita kuma tazarar ƙafafunta na gaba da na baya tana da yawa, sai wuta ta shiga ta nan ta fita ta can, ta ratsa ƙirji. Mai takalmin roba na iya wucewa lafiya, bijimi ya zo ya faɗi a wurin. Awaki kuma na tauna waya. Don haka kada a shimfiɗa ta a burtali, ko kusa da kwamin shan ruwa, ko a ɗaure ta a jikin shingen ƙarfe. A ɗaga ta sama a kan itace, inda ƙaho da lodin mota ba za su kai ba. In dole ta bi ƙasa, a sa ta cikin bututun roba a binne. Waya guda ake so daga gida har mota, ba guntaye da aka ƙulla da leda ba.

Yadda ake jonawa

A kashe komai a cikin motar. A fara haɗa ɓangaren motar, sannan a je a soka a soket ɗin gida, sannan a kunna. Wurin cirewa a fara da gida. Haka ba za ka taɓa riƙe waya mai rai a hannu ba. Bayan rabin awa a taɓa kan filogin. In da zafi, lodi ya yi yawa ko wani wuri ya saki. Kafin a tayar da mota a tabbata an zare.

Mai janareto kuma kada ya haɗa waya mai kai biyu ya tura wuta cikin soket ɗin gida. Wutar na komawa kan layi, ta sami ma'aikacin da ke saman fal yana ganin an ɗauke.

Maganar amana

A ja wuta daga bayan mita, da sanin maigida. Ja daga gabanta sata ce, ko a layin NIGELEC ko a na can. Kuma a yi maganar kuɗi tun farko: firiza mai wat 150 in ta yi aikin awa 10 ta ci yunit ɗaya da rabi. Ƙaramar mita ta daban tana raba gardama, zumunci ya ɗore.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi. A kashe daga gida, in ba hali a ture wayar da busasshen itace, a tsaye a busasshen wuri. A kai shi likita ko da ya ce ya warware, don zuciya kan rikice daga baya.

Alhajin namu ya sake kira ya ce mai gyara ya duba, ashe wayar mai layi biyu ce, kuma ƙofar baya ta cinye robarta. Ya sauya ta. Wanda ke da irin wannan tambaya, layinmu a buɗe yake a shiri na gaba. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya ba da kasuwa mai albarka.