Shari'a Ba Ta Duban Suna

A watan Disamba 2001 aka kama Winona Ryder, shahararriyar 'yar wasan sinima ta Amurka, bisa tuhumar ɗaukar kaya na kimanin dala 5,500 daga wani babban kanti a Kaliforniya.

A 2002 kotu ta same ta da laifin babbar sata, gama a dokar jihar a lokacin nan abin da ya haura dala 400 babbar sata ce. Amma aka wanke ta daga tuhumar shiga kantin da niyyar sata. Ba a ɗaure ta ba. Aka ci ta tara, aka sa ta aikin jama'a awa 480, aka sa mata ido shekara 3.

To, jama'a, mu lura: shari'a shaida take bi, ba suna ba.