Kwamfuta a Madafin Talakawan Latino

Ƙidayar 2020 ta nuna cewa 'yan Latino, wato masu asali da ƙasashen Latin Amurka, sun haura miliyan 62 a Amurka. Ciwon suga ya fi yawa a cikinsu fiye da fararen fata, talakawansu kuwa su suka fi shan wuyarsa. Matar da ke sharar otal da safe, ta yi wanke-wanke a gidan abinci da dare, ina ta ga lokacin zuwa aji a koya mata cimaka?

A shekarun 1990 Jami'ar Jihar Kolorado ta ɓullo da wani shirin koyar da cimaka mai suna La Cocina Saludable. Da farko kakanni mata aka horar su riƙa koyarwa, domin a gidan ɗan Meziko maganar kaka kan tukunya ba ta faɗuwa ƙasa banza. Daga baya aka zuba darussan a kwamfuta mai allon taɓawa, tana magana da Sifaniyanci ko Turanci. Ba sai mace ta iya karatu sosai ba. Ta dangwala yatsa, hoto ya fito, murya ta yi bayani, a yi mata tambaya ta amsa, in ta kuskure babu mai yi mata dariya.

A ganina, dabarar tana cikin abin da ke kan allon. In ka nuna wa uwa abincin da ba ta taɓa dafawa ba, za ta kalla ta wuce. In kuwa ta ga wakenta da wainar masararta ta tortiya, aka ce ta rage kitsen suya, ta ba yaro ruwa maimakon lemon kwalba, to an zo inda take. Yanzu ana samun irin waɗannan darussa a wayar hannu, abin da ya dace, tunda gidaje da yawa ba su da intanet sai ta waya.

Sai dai kwamfuta ba ta rage kuɗin tumatir. Sani ba ya cika kwando in aljihu babu komai. Shi ya sa sauyin 2009 ya fi kowane allo tasiri: a shekarar ce shirin WIC, mai tallafa wa mata masu ciki da ƙananan yara, ya fara ba da takardar sayen ganyaye da 'ya'yan itatuwa a faɗin ƙasar, ya kuma sa tortiyar masara cikin abin da za a iya karɓa.